Daga Koko Zuwa Dajin Taraba: Yarjejeniyoyin Ciniki Da Muhallin Nijeriya

Cikin watan Yuni na shekarar 1988 ne jaridun Ikko suka bankaɗo labarin wasu ganguna da aka jibge a filin wani manomi a Koko, ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a jihar Bendel ta wancan zamani, wanda yanzu yake cikin jihar Delta. Gangunan dubbai ne, nauyinsu wajen tan 3,800, abin da ke cikinsu kuwa dattin masana'antun Italiya ne mai guba. Wani ɗan kasuwa mutumin Italiya ya yi ta shigo da su a jirage tun daga 1987, yana biyan mai filin dala 100 a wata, shi kuwa bai san abin da aka ba shi ajiya ba. Rana ta buga, wasu gangunan suka kumbura, wasu suka fashe suna tsiyaya cikin ƙasa. Kayan sun bi ta tashar gwamnati, kuma babu jami'in da ya ce uffan, sai da wasu ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya suka ga labarin a jaridun can suka aiko da shi gida.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki zafi. Ta kira jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a tashar Ikko, ta ce tilas ne a kwashe dattin a mayar da shi inda ya fito. Italiya ta kwashe. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauko shi, mai suna Karin B, ya yi makonni yana gararamba a teku, Sifen ta kore shi, Ingila ta kore shi, sauran ƙasashen Turai suka ƙi karɓarsa, daga ƙarshe dai ya koma tashar Livorno a Italiya. Kafin shekarar ta ƙare an kafa doka mai lamba 42, wadda ta yanke ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da datti mai guba, sa'an nan doka mai lamba 58 ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, watau FEPA. Kafin wannan lokaci ƙasar nan ba ta da wata hukuma guda ta tarayya da aka ɗora wa wannan aiki. Ke nan ana iya cewa ciniki ne ya haifi manufar muhalli a Nijeriya, ko da yake ofisoshin gwamnati sun daɗe suna tafiyar da al'amuran biyu kamar ba su san juna ba.

Abin da ya kawo gangunan Koko lissafin kasuwa ne. A shekarun 1980 ƙasashen Turai da Amurka sun tsaurara dokokin zubar da datti a gida, kuɗin ƙone shi ko binne shi ya hau, dillalai suka shiga neman inda ya fi araha. Afirka kuwa a lokacin bashi ya yi mata katutu. A 1988 an yi wa Guinea-Bissau tayin dala miliyan 600 domin ta karɓi tan miliyan 15 na datti cikin shekara biyar, watau dala 40 a kan kowane tan, kuɗin da ya ninka abin da ƙasar take samu a shekara guda. Sai da surutu ya yi yawa ta janye. A watan Mayu na wannan shekara Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta zartar da cewa zubar da irin wannan datti a nahiyar laifi ne ga Afirka da mutanenta.

Da aka je taron Basel a Suwizalan cikin watan Maris na 1989, wakilan Afirka sun nemi a haramta cinikin ɗungurungum. Ba su samu ba. Yarjejeniyar da aka fito da ita ta bar ƙofa a buɗe, sharaɗinta kawai shi ne mai aikawa ya sanar da ƙasar da za a kai wa, ita kuma ta yarda a rubuce. To, wanda yunwa ta ci ƙarfinsa yardarsa ba ta da wuyar samu. Abin mamaki, haramcin da aka rasa a taron muhalli sai aka same shi a teburin ciniki. Yarjejeniyar Lome ta huɗu, wadda Ƙungiyar Kasuwar Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik a watan Disamba na 1989, ta hana Turai aika datti mai guba zuwa waɗannan ƙasashe a sashenta na 39. Wannan ya nuna cewa yarjejeniyar ciniki tana iya zama garkuwa idan masu shawarwari sun shiga ɗaki da abin da suke so a rubuce, kuma suka shiga da murya ɗaya. A watan Janairu na 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu yarjejeniyar a Bamako, wadda ta hana shigo da dattin daga wajen nahiyar baki ɗaya. Ta fara aiki a 1998, kuma a lokacin Nijeriya, wadda a kanta aka ga aya, ba ta cikin ƙasashen da suka tabbatar da ita. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Basel a 1995 domin hana ƙasashe masu arziki aika datti ga matalauta sai a watan Disamba na 2019 ya fara aiki, bayan shekara 24. Amurka ta sa hannu a kan Basel, amma ba ta kai ga tabbatar da ita ba. A tsakanin nan an yi abin da aka yi a Abidjan cikin 2006, inda aka zubar da dattin jirgin Probo Koala a unguwannin birnin, mutum fiye da 100,000 suka nemi magani.

Da aka toshe hanyar ganguna sai dattin ya sake kama. Ya dawo da sunan kayan gwanjo: talabijin, firji, kwamfuta, na'urar sanyaya ɗaki. Dokar duniya ta hana aika datti, amma ba ta hana sayar da tsohon kaya mai aiki ba, bambancin da ke tsakanin biyun kuwa sai an jona wuta ake gane shi. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Ikko cikin 2015 da 2016 ya nuna ana shigo da wajen tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Turai, kuma aƙalla tan 15,400 ba sa aiki. Yawancinsu cikin tsofaffin motoci ake cusa su, inda ba a cika dubawa ba. Mai aiki yakan tafi kasuwar Alaba ko Ikeja, matacce kuwa yakan ƙare a juji, inda samari ke ƙona wayoyi domin su ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin dalma. Duk da haka hana gwanjo gaba ɗaya ba magani ba ne, domin da shi ɗalibi yake mallakar kwamfuta, da shi dubban masu gyara suke cin abinci. Gyaran da Ghana da Suwizalan suka gabatar, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2025, ya sa duk dattin lantarki ƙarƙashin sharaɗin sanarwa da yarda. Amfaninsa ya rataya a kan jami'in da ke da na'urar gwaji a bakin tasha da kuma ikon mayar da kwantena.

Wannan duk game da abin da ke shigowa ne. Abin da ke fita ya fi ɓarna, kuma ya fi kusa da mai karatu na Arewa.

Madobiya itace ce da Bahaushe da Bafillace suka sani tun kaka da kakanni. Tana tsira a dajin da ke tsakanin kurmi da sahel, tana jure gobarar daji, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyenta kuwa abincin shanu ne a ƙarshen rani sa'ad da ciyawa ta ƙare. Ana samun jan rini da magani daga jikinta. A Sin kuwa masu kuɗi suna son kujeru da gadaje na jan katako irin na sarakunan dā, kuma da itatuwan kudu maso gabashin Asiya suka yi ƙaranci sai fatake suka juyo Afirka ta Yamma. Suka fara da Gambiya da kudancin Senegal da Guinea-Bissau, suka bi ta Ghana da Togo da Binin, duk inda ta ƙare ko aka hana sai su matsa gaba. Wajen 2013 suka iso Nijeriya. Aka share dazuzzukan Kogi da maƙwabtanta, aka haura Taraba da Adamawa, har gefen gandun dajin Gashaka-Gumti. Cikin 'yan shekaru ƙasar nan ta zama kan gaba wajen aika wa Sin wannan itace, wadda 'yan kasuwa ke kira koso. Saurayin ƙauye mai zarton inji ya sami abin sayen babur, dillali ya sami mota, wasu jihohi suka sami kuɗin shiga a kan kowace tirela, makiyayi kuwa ya wayi gari babu inuwa babu ganye.

Duk wannan ya faru alhali kuwa katako ɗanye yana cikin jerin kayan da kwastan ta hana fitarwa. Dabarar da aka yi ita ce a sassaƙe gefen gungume ya zama mai kusurwa huɗu, sai a rubuta cewa an sarrafa shi.

Akwai yarjejeniyar duniya da aka yi musamman domin irin wannan, watau CITES, wadda aka ƙulla a Washington a 1973 domin tsara cinikin namun daji da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka shige ta, ta kuma kafa doka mai lamba 11 ta 1985 domin aiki da ita. Senegal ce ta fara neman a sa ido a kan madobiya, kuma a taron Johannesburg na 2016 aka sa ta a jeri na biyu, abin da ya fara aiki a watan Janairu na 2017. Ma'anar jeri na biyu ita ce ba a hana ciniki ba, amma kafin a ba da takardar izini tilas masana su tabbatar cewa saran ba zai ƙarar da itacen ba, hukuma kuma ta tabbatar cewa an sare shi bisa doka. A watan Nuwamba na 2017 wata ƙungiyar bincike mai zaman kanta, EIA, ta yi zargin cewa gumagumai wajen miliyan 1.4 da aka tsare a tashoshin Sin an sake su ne bayan an aika musu takardun izini kusan 4,000 daga Abuja, takardun da aka rubuta bayan kayan sun riga sun bar ƙasa. Ministar muhalli ta lokacin ta musanta cewa an saɓa doka. Ko ma dai yaya aka yi, a watan Oktoba na 2018 kwamitin CITES ya dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya saboda ba a gabatar da hujjar masana mai gamsarwa ba, a 2022 kuma aka faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen da take tsira a cikinsu. Ihu bayan hari ke nan, domin itacen da ya ɗauki shekaru da dama kafin ya yi kaurin da ake so, cikin mintoci ake kayar da shi.

Tushen matsalar yana cikin tsarin mulki, kuma ya kamata ma'aikatan gwamnati su lura da shi. Ciniki da ƙasashen waje da kwastan suna cikin jerin ikon da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da shi. Daji kuwa na jihohi ne, dokar ƙasa ta 1978 ma ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Saboda haka wanda ya sa hannu a kan yarjejeniya ba shi ke ba da lasin sara ba, wanda ke karɓar kuɗin sara kuma babu wanda zai tuhume shi a Geneva. Jami'in da ke Abuja ana so ya rantse cewa sara a Bali ko Gashaka ba zai cutar ba, alhali babu ƙidayar itatuwan da zai dogara da ita. Bugu da ƙari, sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, sashe na 20 kuma da ya ɗora wa hukuma kare muhalli yana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa. Takarda ta cika, hannun da zai riƙe ta ne babu.

A 'yan shekarun nan al'amarin ya juya. Dā Afirka ce ke roƙon a sa muhalli cikin ciniki, yanzu kuwa Turai ce ke sa shi sharaɗin shiga kasuwarta. Manoman wake sun ɗanɗana tun 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda an sami maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima, a wasu buhunan ninki ɗaruruwa a kan abin da dokarsu ta yarda. An yi ta kukan asarar kasuwa, amma ba a cika tambayar wa ke cin waken da aka dawo da shi ba, da wanda bai taɓa barin kasuwar Dawanau ba. Daɗin daɗawa, kamfanonin Turai sun daɗe suna sayar wa ƙasashe matalauta magungunan feshin da aka haramta a gonakin Turai, sa'an nan a auna ragowarsu a bakin tasha a ce kaya bai cancanta ba.

A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigar da kayan da aka sare daji domin noma su. Ta shafi abu bakwai: shanu, koko, gahawa, manja, roba, waken soya da katako, har da gawayi. Duk wanda zai sayar tilas ya nuna wurin gonar a taswirar tauraron ɗan Adam, ya kuma tabbatar ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disamba 2020. An shirya ta fara aiki a ƙarshen 2024, sai aka ɗage saboda koke-koke daga ciki da waje. Ga Nijeriya maganar koko ce ta fi girma, domin yana cikin manyan kayan da ake fitarwa bayan man fetur, yawancinsa Turai yake zuwa, masu noma shi kuwa ƙananan manoma ne a Ondo da Osun da Kuros Riba, da yawansu ba su da takardar gona, wasu ma cikin gandun dajin gwamnati suke noma. Haka kuma akwai harajin hayaƙi da Turai ta fara gwajinsa a watan Oktoba na 2023 a kan siminti da ƙarfe da sanholo da takin zamani, wanda zai taɓa masana'antun takin yuriya na ƙasar nan gwargwadon abin da suke son sayarwa can.

Masu cewa waɗannan dokoki katanga ce da aka shafa wa koren fenti suna da hujja. Turai ita kaɗai ta zauna ta rubuta su, ba a yi shawara irin ta Lome ba, kuɗin auna gona da tara takardu kuma a wuyan matalauci zai faɗa, ga shi ƙasashen da suka sare nasu dazuzzukan suka yi arziki su ne ke yi wa wasu wa'azi. Amma wannan hujja ba ta wanke kowa ba. Dajin da ake magana a kansa na Nijeriya ne, ruwan da yake riƙewa da ƙasar da yake karewa daga zaizaya na mutanen Nijeriya ne, kuma babu Baturen da ya tilasta wa wata jiha ta bar gandun dajinta ba mai gadi. Rajistar gonaki da taswirar daji da Turai ke nema su ne ainihin abin da aka rasa a lokacin madobiya. Da ƙasar nan ta yi su domin kanta, da yanzu cinikin farashi ake yi da su.

Manufar gwamnati game da manyan yarjejeniyoyi ta fi karkata ga kare masana'antu. A kan haka ne Nijeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar ciniki tsakanin Turai da Afirka ta Yamma da aka kammala shawarwarinta a 2014, alhali Ghana da Kwaddibuwa suka ƙulla nasu na wucin gadi. A kan haka ne kuma Shugaba Muhammadu Buhari bai sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Kigali cikin Maris na 2018 ba, sai da aka tuntuɓi masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago, sa'an nan ya sa hannu a Yamai ran 7 ga Yuli 2019. Tuntuɓar ta yi kyau, sai dai muhawarar ta tsaya ne a kan kuɗin fito da ayyukan yi, maganar daji da ruwa da datti ba ta sami wuri ba. Ita kanta yarjejeniyar ba ta da babi na musamman a kan muhalli. Abin da ke ciki togaciya ce irin wadda ke dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, mai ba kowace ƙasa damar ɗaukar mataki domin kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai. Haɗarin a bayyane yake ga duk wanda ya san hanyar Kwatano: idan iyakoki suka yi sauƙi amma ƙa'idodi suka bambanta, datti zai sauka a tashar da ta fi sakaci ya shigo ta mota, gungume kuma zai fita ta ƙasar da takardar izininta ta fi araha.

Ba za a ce gwanintar ba ta nan ba. Yarjejeniyar zuba jari da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a Abuja cikin Disamba na 2016 ta wajabta wa mai zuba jari ya yi binciken illar aikinsa ga muhalli, ta kuma tabbatar wa ƙasa ikon kafa dokokinta ba tare da tsoron ƙarar kamfani ba, har masana dokar duniya suka riƙa ba da misali da ita. A 2017 an kafa ofishi na musamman domin shawarwarin ciniki. A 2023 ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar rage tallafin kamun kifi na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda 'yar Nijeriya, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta karɓi shugabancinta a 2021. Gibin da ya rage na cikin gida ne. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta ce a binciki illar babban aiki kamar madatsar ruwa ko masana'anta kafin a fara shi, amma ba ta ambaci yarjejeniyar da za ta iya buɗe dukan dajin wata jiha ga kasuwar duniya ba. Toshe wannan gibi aikin Majalisar Tarayya ne, kuma ba zai yi tasiri ba sai an zaunar da kwamishinonin gandun daji na jihohi, da kwastan, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007, a ɗaki ɗaya da masu shawarwarin ciniki kafin a tafi sa hannu.